Shekara Biyun da Na Goge daga Takarda

'Yar'uwarku Safiya ce ta sa na ɗauko wannan babin tun lokacinsa bai yi ba. Makon jiya ta same ni a zaure da takardarta ta neman aiki, wadda kuke kira CV, wai in duba mata. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga shekara gudan da ta yi tana aiki a gidan gonar kaji ta hanyar Madalla ba. Da na tambaya sai ta yatsina fuska, ta ce ai wannan ba aiki ba ne, wahala ce, kuma wa zai ɗauki mai digiri da ƙarnin kaji a takardarta. Na yi dariya, don na san inda ta gado wannan ɗaga hancin. Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Dukanku kun taso kuna jin cewa ubanku da koyarwa ya fara. Mahaifiyarku ta san ba haka ba ne, ni na roƙe ta ta ja bakinta. Ban taɓa riƙe alli ba. Aikina na farko a mutuware na yi shi, ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a nan Suleja, wanda ba zan kama sunansa ba.

Lokacin na gama difloma na fi shekara ina zaman kashe wando a gidanmu na unguwar Hashimi. Mahaifinmu ya rasu, Inna ce ke riƙe da mu da tuyar masa. Da wani maƙwabci ya ce ana neman akawu a asibiti, sai na goge rigata har tana sheƙi, ina ganin kaina a bayan tebur da fanka a sama. Mai rakiyata ya wuce da ni ofisoshi, muka wuce ɗakunan marasa lafiya, muka wuce wurin wanki, har muka zo wani ɗan gini mai gajeriyar taga a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Wani dattijo baƙi siriri yana zaune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Shi ne Baba Tanko, shekara talatin yana wurin. Ya dubi rigata, ya ce gobe in zo da wadda ba na so.

Gawar da ke da dangi ba ta daɗewa a wurinmu. Kafin azahar an zo an ɗauke ta. Waɗanda ke zama su ne mutanen titi. Kun san yadda babban titin nan yake cin rai, kuma ba duk wanda ya fara isa wurin haɗari ne mai taimako ba. Sau da yawa a kawo mutum aljihunsa a zazzage, ba takarda, ba suna. Aikina shi ne in rubuta kamanninsa a babban littafi, don in danginsa sun biyo sawu su gane shi. In kwanakin jira sun cika ba wanda ya zo, sai a karɓo izinin hukuma a binne shi, in rubuta layin da aka sa shi a maƙabarta. Baba Tanko ya koya mini abu biyu. Na farko, ba a shiga ɗakin ba sallama, ko da kuwa ka fita yanzu ka dawo. Na biyu, daga kai ake farawa a sauka zuwa ƙafa, kuma ba a rubuta abin da kowa ke da shi.

"Akawu, kada ka rubuta mini wai dogo ne baƙi. Rabin Suleja ke nan. Ka rubuta abin da uwarsa za ta gane shi da shi."

Haka na koyi duba wushirya da tsage da tabon sallah, da irin kitson mace, da inda kanta ta fito wa mutum a hannu, don ita ke faɗin sana'arsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na yi aikin, kuma na iya shi. Amma na tsane shi tsana mai tsanani, kuma har yau ba zan ce muku na taɓa son sa ba. Warin maganin da ake zuba wa gawa ba ya barin hanci. Inna ta ajiye mini bokiti a zaure, sai na yi wanka nake shiga gida, ta kuma ware mini kwano da moɗa. A majalisa in na zauna sai benci ya yi mini faɗi. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna idona ne, don ya daina bambanta masu rai da waɗanda suka riga mu. In na shiga mota sai in ji kaina yana jera kamannin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, ɗan yatsana yana motsi a kan gwiwata kamar ina rubutu. Wata ranar Asabar da hantsi, Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida, rana ta haske ta sosai, sai na ji kaina ya fara jerawa: mace, kimanin shekara hamsin da biyar, ƙunar mai a bayan hannun dama, haƙorin gaba ɗaya ya fita. Ta ɗago kai. Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni.

"Kai wannan, ɗauke idonka daga kaina. Ba irin kallon da ake yi wa mai numfashi ba ne."

Ranar na ƙudura barin aikin. Shekarata biyu cif a lokacin.

Ba a jima ba aka ce wani kamfanin madara da yogot a Abuja yana neman mai kula da sito. Na rubuta bayanina da biro na kai wa wani mai buga takardu a bakin kasuwa. Ya buga har ya zo kan layin mutuware, sai ya tsaya ya juyo da kujerarsa. Ya ce shi ba ruwansa, amma kamfanin da ke sayar da abin sha ba zai ɗauki hannun da ya taɓa gawa ba. Na ce to a cire. Ya ce in an cire kuma ramin shekara biyu zai bayyana, shi za a fara tambayata a intabiyu. Sai ya kawo shawara: akwai wata makarantar kuɗi da ta rufe, mai ita ya bar gari, in ce a can na koyar, ba mai bin diddigi. Ina tsaye a bayansa ya danna maɓalli, ina kallon haruffan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshen layi zuwa farkonsa. Wallahi daɗi na ji, kamar an sauke mini buhu daga ka. Ban yi tunanin akwai wanda wannan layin zai shafa ba in ba ni ba.

Aka ɗauke ni. Shugaban ma'aikata, Malam Garba, Bakatsine ne mai tsabtar tsiya, har faratanmu yake dubawa ranar Litinin. Ya ba ni fom na sa hannu a kan cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne, in aka sami ƙarya kora ce nan take. Ya ce wata shida zan yi na gwaji kafin a tabbatar da ni. Na shiga sahun masu sammakon bin motar Abuja, Inna ta ɗauke bokitin zaure, kwanona ya koma cikin sauran kwanuka. Abu ɗaya ne ya ɓata mini lissafin jin daɗin. Kamfanin yana da ɗakin sanyi inda ake jera kaya, mai ƙofar ƙarfe mai kauri, kuma injinsa ƙugi ɗaya yake yi da na wurin da na baro. Ranar farko da na tura ƙofar, ban san lokacin da bakina ya yi sallama ba. Masu lodi suka yi ta dariya, wai ko yogot ɗin ne zai amsa. Na yi ta ƙoƙarin dainawa, na kasa. In na shiga ban yi ba sai in ji ƙeyata ta yi nauyi, kamar na shiga ɗakin mutane na wuce su ba gaisuwa. Ba na ce muku an taɓa amsa mini ba. Amma nakan ɗan tsaya bayan sallamar, daidai tsawon da amsa take ɗauka, sannan in taka ciki.

A wata na biyar, wata Talata bayan azahar, aka ce Malam Garba yana kirana. Na tarar da wata mata a ofishinsa, ta ƙi hawa kujera, ta zauna a kan tayil ta tattara hijabinta ruwan toka. Ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta ce sunanta Habiba, daga wajen Zariya take. Mijinta Lawal ɗan kasuwar albasa ne, ya kawo kaya Madalla shekara ɗaya da rabi da suka wuce, bai koma ba. Danginsa sun ce ya gudu Legas ya bar ta da 'ya'ya uku. Nata dangin sun ce ta je wurin alƙali a raba auren ta huta. Ita kuwa ta ce ta san mutumin da ta aura, ba zai gudu ba, kuma ba za ta yarda 'ya'yansa su tashi da sunan ubansu ya tsere ba. Ga ta nan, ba ita ga matan aure, ba ita ga masu takaba. Sai ta shiga bin asibitocin kan hanya ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da ta sami na mota. A asibitin da na baro aka ce mata rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo da damina, littafin waccan shekarar ya jiƙe, gara ta ƙarasa shi. Amma wani dattijo ya ce mata akwai akawun da ya yi rubutun, Idrisu, ba ya manta fuska. Ya kwatanta mata gidanmu, a can tsohuwa ta ba ta ruwa ta faɗa mata inda nake aiki.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yana da cindo a hannun hagu, wato ɗan yatsa na shida, da tabon ƙuna a ƙaurin dama tun na yarinta.

Kafin ta rufe baki na gan shi. Ba tunawa na yi ba, ganinsa na yi, kwance a kan teburin siminti, hannun hagun a buɗe. Na san ranar da aka kawo shi, na san layin da yake. Sanyin ɗakin can ya taso mini daga tafin ƙafa, alhali rana tana dukan taga. Malam Garba ya jawo fayil ɗina ya buɗe a gabansa, ya sa yatsa a kan layin makarantar.

"Idrisu, ka taɓa aiki a mutuware?"

Wata ɗaya ya rage a tabbatar da ni. Na tuna fom ɗin da na sa wa hannu, na tuna bokitin zaure. Gaba kura, baya sayaki. Ina so ku ji amsar da ubanku ya bayar da bakinsa, ba ragi.

"Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne. Masu suna Idrisu suna da yawa a Suleja."

Matar ba ta dubi fuskata ba. Hannuna ta duba, na bi idonta, sai na ga yatsana yana ta rubutu a kan gwiwata. Na danne shi da ɗaya hannun. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe a hankali, ta yi wa Malam Garba godiya, ta ba shi haƙurin ɓata masa lokaci. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Malam, in Allah ya haɗa ka da wancan Idrisun, ka ce masa Habiba tana jira."

Na sha gaya wa kaina cewa Malam Garba ne ya tsare ni da zancen kaya, shi ya hana in bi ta bakin get. Ƙarya ce. Da na so, da na ce zan zaga bayan gida. Tsoro na ji kada mai gadi ya gan mu tare. Na ce a raina, bari wata ɗayan nan ya wuce, in aka ba ni takardar tabbatarwa sai in neme ta in faɗa mata komai, ai wadda ta jira shekara ɗaya da rabi za ta iya ƙara kwana talatin. Wannan shi ne wayon da na yi, kuma shi ne wautar da ta fi kowace a rayuwata, don ko sunan garinsu ban tambaya ba.

Da na koma gida Inna ta tare ni da murna, tana tambaya ko baiwar Allah nan ta same ni. Na faɗa mata yadda aka yi. Tana riƙe da ludayi, ta ajiye shi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu.

"Ni na ware maka kwano, na yarda, jahilcina ne. Amma ban ce ka hana marayu sanin kabarin ubansu ba."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da ka.

Aka tabbatar da ni. Ranar da na karɓi takardar ban nuna wa kowa ba, asibitin na nufa kai tsaye. Baba Tanko ya ce wajen Zariya kawai ta ce masa, bai tambayi ƙauye ba, don ya ɗauka da ta same ni magana ta ƙare. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini gyaɗa, na kasa karɓa. Daga nan na shiga nema. Na bi 'yan albasa na Madalla, suka ce masu kawo kaya daga arewa ba sa ƙirguwa, Lawal kuwa kowace mota da nata. Na je Zariya ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, ina bin kasuwannin ƙauye ina tambayar Lawal mai cindo, har wasu suka ɗauka jami'in tsaro ne ni suka daina ba ni amsa. Shekaru da yawa, duk tashar da na tsaya, da rana tsaka, sai in hango hijabi ruwan toka a tsallaken titi, tsaye, ba ya motsi. In na tsallaka sai in tarar wata ce, ko in tarar ba kowa. Ban sake ganin Habiba ba.

Wata biyu bayan tabbatarwar na kasa ci gaba da ɗaukar abin. Na shiga ofishin Malam Garba na faɗa masa gaskiya, na ce ya yi abin da fom ya ce. Ya juya biro a hannunsa. Ya ce tun ranar da ya ji ina yi wa ɗakin sanyi sallama ya san ba daga aji na fito ba. Ya ce mai lura yake nema a sito, wanda ba ya tsallake abu, kuma da na rubuta aikina na gaskiya da ni zai fara kira, safar hannu da sabulu ai kamfani yana da su. Bai kore ni ba, amma ya sa takardar gargaɗi a fayil ɗina, ta hana ni ƙarin girma shekara uku. Sannan ya ba ni farar takarda ya ce in sake rubuta layin a gabansa. Na fara da cewa aiki ne da na yi bisa dole, ya karɓe ya yage. Ya ce ba wanda ya tambaye ni ko na so shi. In faɗi sunan aikin yadda yake, da tsawon lokacin, da abin da hannuna ya yi, da amanar da aka ba ni. Abin da na rubuta a ƙarshe shi ne: akawun rajista a sashen ajiye gawa, shekara biyu, rubuta kamannin waɗanda ba a san su ba, adana bayanansu, da karɓar dangi masu neman nasu. Layi biyu ke nan. Da su na nemi kowane aiki bayan wannan, kuma ba inda aka taɓa mayar da ni saboda su. In an tambaye ni dalilin barinsa, nakan ce na koyi abin da zan koya a wurin, ban zagi aikin ba, ban kuma yi ƙaryar ina kewarsa ba.

To Safiya, ki mayar da kajinki. Ba sai kin ce kin ji daɗinsu ba. Ki rubuta cewa kin kula da tsabta da awo da fitar da kaya a kan lokaci, ai kin yi. Ba ki san wanda zai zo neman wannan shekarar taki wata rana ba.

A takarda na gyara, a gida ne na kasa. Na bar ku da labarin koyarwa, ba don kunyar gawa ba. Na san in na ce mutuware za ku yi tambaya, tambaya kuma za ta kai mu ga matar nan. Yanzu 'ya'yanta manya ne, sun ma girme ku. Ban sani ba ko tana raye, ban sani ba ko har yau ana ce musu ubansu ya tsere. Saboda haka zan rubuta a nan abin da ya kamata in faɗa a ofishin can. In bayan raina wani ya zo yana tambaya, ku ba shi wannan shafin.

Namiji ne, kimanin shekara talatin da biyar. Tabon sallah a goshi, cindo a hannun hagu, tsohuwar ƙuna a ƙaurin dama, ɓawon albasa a aljihun riga. An kawo shi ranar Alhamis da hantsi, farkon damina. Mota ce ta buge shi a Madalla, likita ya ce nan take ne, bai sha wuya ba. Ni da Baba Tanko muka yi masa wanka, aka sa masa sabon likkafani. Liman ya sallace shi, mun yi sahu biyu, ina cikin na farko. Yana maƙabartar bayan gari, layi na huɗu daga tsamiyar da ke gabas, kabari na biyu daga hannun dama. Ɗan sandan da ya kawo shi ya ce titi yake tsallakawa zuwa ɓangaren da motocin Zariya suke lodi. Gida ya nufa.